Jiragen Cikin Gida

Ƙarar ta faro ne daga nesa, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan turmi a gidan maƙwabta. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke kwalaben humra, hannuna duk kumfa. Kafin in ɗaga kai ta cika saman Fagge, har kwanon rufin ɗakinmu yana amsawa. Jirgin sama ne, fari, ya karkata fiffike ɗaya ya nufi kudu.

Wanda ya tashi a unguwarmu ba ya jin jirgi. Filin jirgin yana nan kusa da mu, tun muna yara mun saba mu yanke magana a tsakiya, jirgi ya wuce, mu ɗora daga inda muka tsaya ba mu ma san mun tsaya ba. Sai da korona ta zo aka rufe filin, sannan muka gane da ƙara muke kwana muke tashi. A watannin nan na kulle, in na hau saman bene shanya, sai in ga sama ta yi faɗi da yawa, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Umma ta fito daga kicin da kaskon turare a hannu, hayaƙi na bin bayanta. Ta bi jirgin da ido har ya shige gajimare, sannan ta ce, "An buɗe."

Na san abin da take nufi. Yayata, 'yar farin Umma, tana Sudan a lokacin. Karatu ne ya kai mijinta can, ita kuma ta bi shi bayan biki, ga ta da cikin fari. Yadda aka tsara, da cikin ya shiga wata bakwai za ta taho gida goyon ciki, ta haihu a ɗakin Umma, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in, sannan ta koma. Haka aka yi wa Umma, haka aka yi wa kakarmu tun suna Barno kafin su dawo Kano. An share ɗakin, an sayo babbar tukunyar dafa ruwa, Baba har ya yi magana da mai itace. Sai aka rufe ƙasa. Aka rufe tamu, aka rufe tasu.

Umma ba ta kiran sunan Yaya, kunyar 'yar fari. "Waccan" take ce mata, in ta sassauta kuma ta ce "'yar gidanku". Ba za ta ce tana kewarta ba, ba za ta ce tsoro take ji ba. Abu ɗaya ne bakinta ya yarda ya faɗa, shi kuwa tana faɗarsa tana tuƙa tuwo, tana faɗarsa tana soya itacen sandal da sukari don turaren wutan da take sayarwa: "Wa zai yi mata wanka?" Tun cikin azumi ta yanke cewa tunda waccan ba za ta iya zuwa ba, ita za ta je. Fasfonta na zuwa Umra bai mutu ba, yana ƙarƙashin zannuwanta.

Ni aka ɗora wa sauraron labari. Jami'a a rufe take, ba ni da aikin da ya wuce wanke kwalabe da duba waya. Kullum in na je gaishe ta da safe, sai ta amsa ta ɗora, "An buɗe?" Har tambayar ta shige cikin gaisuwar, ta zauna tsakanin "ina kwana" da "ya gajiya". Ana ta buɗewa kuwa, amma da guntu-guntu. Aka buɗe kasuwa a wasu ranaku, aka buɗe masallatan Juma'a, aka buɗe hanyar mota tsakanin jihohi. Kowanne in na kawo mata sai ta ce, "Ba wannan ba."

Ranar da jirgin nan ya wuce, da azahar rediyo ya ce jiragen cikin gida sun dawo aiki. Umma ta shiga ɗaki ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta hau kaɗe masa ƙura.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Umma, na cikin gida fa aka ce."

"Na ji. Kunnena ƙalau yake."

"Na cikin gida, wato Abuja, Legas, Fatakwal. Ban da ƙasashen waje."

Ta ɗago ta dube ni. "To wa ya ce miki ƙasar waje za ni? Turai na ce za ni? Ko Caina inda abokan babanki ke zuwa sayo atamfa? Sudan ai gida ce."

Da farko na ɗauka zolaya ce, har na fara murmushi. Ba zolaya ba ce. A wurin Umma ƙasar waje ita ce inda ba ka da kabari kuma ba ka da wanda zai ba ka tabarma. Ta fara jero mini: ƙanen kakanta da ya kama hanyar Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi gona, ya yi aure, jikokinsa na can har yau. 'Yan uwanta na Injamena. Itacen sandal ɗin da take aiki da shi, ta can yake biyowa. Larabcin da ta tashi da shi a bakin kakarta, in ta yi shi a waya da maƙwabtan Yaya suna ganewa.

Na ce, "Umma, duk inda sai an buga miki hatimi a fasfo, waje ne."

Ta ce, "Hatimi. Yaushe aka haifi hatimi?"

Da Baba ya dawo daga shagonsa na kasuwar Kwari ya tarar da musun, sai ya zauna yana cire takalmi yana dariya. Ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. Mu da muke Fagge ai a Waje muke tun asali. Mutanen cikin birni duk abin da ya tsallake badala Waje suke ce masa. Ga shi na tsufa a Waje, ba wanda ya taɓa tambayata fasfo."

Ni na yi dariya, Umma ba ta yi ba. Daga baya ta yarda cewa rediyo ba da ita yake ba, amma akwatin bai koma ƙarƙashin gado ba. Ya zauna a tsakar ɗaki da baki buɗe, muna kewaye shi.

A makon muka je kasuwar Sabon Gari sayen kayan jego. Mutane sun cika ta kamar ba a taɓa kulle ba, kowa da takunkuminsa a haɓa. Muka sayi citta da kanumfari da masoro da kimba na yajin mai jego, muka sayi kanwa ta kunu, Umma na ɗanɗana kowane dunƙule da bakin harshe kafin ta yarda a auna. Daga nan muka biya rumfar Alhaja, wadda Umma ke sayen kwalabe a wurinta tun kafin a haife ni. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa gishiri.

Tana hango ledar kanwa ta ce, "Hajiya Barno, raƙumi kika saya ne ba mu ji labari ba?"

Umma ta ce, "Jego."

"Allah sarki. An buɗe ne?"

"Ga masu boko nan, sun ce wai da saura."

Alhaja ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar uwa. Ni kayana na Kwatano tun kafin ciwon nan ya zo. Har na daina tambaya, kada su ce na cika naci."

Rumfar Kawu, ƙanen Umma, tana kallon ta Alhaja. Shi ke sayar da sandal da kajiji da farce da sauran kayan haɗa turare, yawancinsu ta Chadi suke zuwar masa. Ya tsallako ya gaishe da yayarsa, ya ji abin da ake magana a kai, sai ya rage murya.

Ya ce wa Umma, "Yaya, iyaka fa a rediyo take a rufe. Kayan nan da kike gani a rumfata, ta sama suka faɗo?"

Ya zayyana mata hanyar: Maiduguri, Gamboru, a tsallake ruwa, Injamena, daga nan a miƙe gabas har Sudan. Akwai direban da ya sani, mutumin kirki, ya sha kai mata da tsofaffi. Umma ta tambaye shi kwana nawa ake yi. Ya ce ya danganta da damina, da kuma mutanen daji.

Duk wanda yake da dangi a Barno ya san su wa ake nufi da mutanen daji. A tsakar gidanmu an taɓa shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa saboda wannan hanyar.

Alhaja ta ce, "Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah. 'Yar uwarka ce za ka aika kamar buhun kajiji?"

Kawu ya ce, "Alhaja, ki fita daga maganar tafiya. Ke da Ilori ma sai an yi rasuwa ake ganinki."

"Da ƙafata dai nake dawowa."

Na ga yadda Umma take sauraro, irin sauraron da take yi in ana gaya mata sabon haɗin turare. A cikin adaidaita sahu, muna hanyar gida, na tattaro ƙarfin halina na ce, "Umma, ki ba ni lokaci. Ni zan sa ki a jirgi."

Ta ce, "Ke aka ba riƙon jiragen?"

"Ki dai ba ni."

Muka wuce wani rami da ya jijjiga mu. Sannan ta ce, "Na ba ki. Amma ki sani, ranar da ta sauka arba'in za ta fara tafiya, ita kuwa ba ta jiran gwamnati."

Ni mutum ce mai yawan zama da tunani. A gida an san ni da tsayawa kallon ruwan sama har tuwo ya kama. Ban taɓa ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfina ba sai ranar. Daga nan na mai da neman labarin jirgi aikina. Akwai wani mai sayar da tikiti a Sabon Gari, ofishinsa ɗan ƙarami a saman bene, fanka ɗaya, kujerun duk an jingine su da bango. Na riƙa zuwa har ya daina tashi in na shigo.

Yakan ce, "Malama, ke ce kuma? Wallahi ba a ce komai ba. In an buɗe ai ni zan riga ki rawa."

Na koyi fassara maganar hukuma. "Nan ba da jimawa ba" na nufin ba a sani ba. "Ana duba yiwuwa" na nufin kada ki ɗaura ɗankwali tukuna. A wayata akwai wata taswira mai nuna jiragen da ke sama a duk duniya, 'yan ƙanana masu launin ɗorawa. Nakan hau bene bayan la'asar in buɗe ta. Saman wasu ƙasashe kamar an watsa wa kaji gero, namu kuwa kamar wankakken faranti. Nakan ɗora yatsa a kan Kano in ja shi gabas a hankali, in tsallake tafkin Chadi, in tsallake rairayi, har in taɓa inda koguna biyu suka haɗu, garin da Yaya take. A yatsa tafiyar ba ta kai numfashi ɗaya ba.

Bayan Babbar Sallah Yaya ta haihu. Mijinta ne ya kira Baba da hantsi, ya ce mace aka samu, suna lafiya. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, na leƙa na same ta a sujada. Ba mu ji muryar Yaya ba sai washegari, ita ma can ƙasa, ta ce gajiya ce. Umma ba ta karɓi wayar ba, ta tsaya a bayana tana ba ni saƙo.

"Tambaye ta wa ke mata wanka."

Yaya ta ce akwai wata tsohuwa a maƙwabtansu, jikar Hausawan da suka zauna can, ita ke zuwa.

"Ce mata ruwan sai ya tafasa sosai. Da ganyen darbejiya, safe da yamma. Kada ta yarda a sirka mata har ya mutu."

Yaya ta ce to.

Haka muka riƙa yi kullum, ni a tsakiya kamar tafinta, alhali duk harshe ɗaya muke ji. Bayan suna muka kira ta da hoto. Umma ta leƙo ta kan kafaɗata kamar jaririyar take son gani, ta daɗe tana kallo. Da aka kashe wayar ta ce, "Wannan ba wanka ake mata ba, shafa ce. Mai jegon da ake gasawa fuskarta sheƙi take yi. Dubi yadda ta yi fari fat."

Tun daga ranar Kawu ya fara yawan zuwa gidanmu.

Ana cikin haka aka sanar da ranar da jiragen ƙasashen waje za su dawo, ƙarshen watan, amma daga Abuja da Legas kawai. Filinmu na Kano sai wani jiƙon. Na sauko daga bene da gudu har na tuntsure bokiti.

Umma ta ce, "Fili yana bayan ɗakina, sai na je Abuja neman ƙofa?" Amma a bakinta kawai faɗan ya tsaya, hannunta har ya kai kan akwati.

Mai tikiti ya samo mana kujera a jirgin da zai bi ta Habasha, ta sauka can ta canza wani. Mijin Yaya ya gama da maganar izinin shiga daga can. Saura gwajin korona, wanda aka ce dole ne, kuma sai sabo, wanda aka yi dab da tafiya. Umma ta sha jin labarin tsinken da ake zurawa a hanci. Da muka je, ta zauna ta dubi ma'aikaciyar da ta rufe jikinta ruf, ta ce, "'Yar nan, hancin nan da shi nake ci. Ki bi shi a hankali." Hawaye ya zubo mata ta ido ɗaya, ba ta motsa ba. Sakamako ya fito lafiya lau.

Mun karɓo shi ke nan, ana jibi ranar da aka sa, sai aka sanar an ɗaga da mako guda. Wai ba a gama shiri ba.

Ni na kai mata labarin, na kuma gaya mata cewa gwajin da aka yi ba zai kai ba, sai an sake.

Ta ce, "Takarda ce ko nono, da za ta yi tsami?"

"Haka dokar take, Umma."

"Wanda ya ɗaga sau ɗaya zai ɗaga sau biyu." Ta lissafa a ranta, na ga leɓenta na motsi. Fiye da rabin arba'in ɗin ya riga ya tafi.

Washegari da safe na fito na tarar da Kawu a tsakar gida yana shan shayi. Umma na kwashe kaya daga akwati tana zubawa a jakar gana-mas-go, don akwati ba ya jure bayan mota. Baba na zaune a kan kujerarsa bai tafi kasuwa ba. Na dube shi, ya gane tambayar.

Ya ce a hankali, "Ban so ba. Amma in na hana ta, wani abu ya sami yarinyar can, da wane ido zan dube ta?"

Na koma ɗaki. Ban yi wani dogon tunani ba, abin da ba halina ba. Na zazzage littattafai daga jakar makarantata, na zuba kaya kala uku da hijabi da man shafawa, na fito na ajiye ta a jikin jakar Umma.

Ta ce, "Wannan fa?"

"Tawa ce."

"Ina za ki?"

Na ce, "Gida. Ba kin ce Sudan gida ce ba?"

"Auta, ba na son wasa."

"Ba wasa nake ba, Umma. Kawu ya ce hanya lafiya lau. Kawu, ko ba haka ka ce ba? A ƙara mana kujera ɗaya."

Kawu ya ajiye kofi ya yi gyaran murya. Ya ce, "To, ai ka san, ki san dai, hanyar ba ta yara ba ce."

"Ka ce yana kai mata da tsofaffi. A ciki wanne ne ban kai ba?"

Umma ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ba za ki bi hanyar nan ba ina da rai."

Na ce, "Ni ma abin da nake cewa ke nan, Umma."

Tunda nake ban taɓa mayar mata da magana ba, idona na kan yatsun ƙafata. Amma ban ɗauke jakar ba, kuma da gaske nake. Da ta fita ranar da na bi ta, ko da a bayan motar zan zauna.

Wata kaza na tsattsagar wani abu a gindin rariya. Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi, na lura kafaɗarsa na ɗan motsi, ban sani ba ko dariya yake dannewa.

Can Umma ta ce, "Mako ɗaya. In suka sake ɗagawa fa?"

"In suka sake, mu tafi tare."

"Ja'ira," ta ce. Ta koma ta zauna, ta fara mayar da ƙullin yaji cikin akwati. Kawu ya shanye shayinsa ya ce shi dama taimako ya zo yi, kuma rumfa ba kowa.

Makon nan ban yi barcin kirki ba, ban kuma bar jakata ta bar jikin ƙofa ba. Kullum sai na je wurin mai tikiti, har ya fara ajiye mini ruwan sanyi. Ya mayar da kujerar Umma zuwa sabon lokaci. Wannan karon na ƙi yarda a yi gwaji da wuri, duk da Umma na ta cewa a yi a huta, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Na ce mata wannan ƙarfen sai a bakin ƙofa ake bugunsa. Muka koma wurin ma'aikaciyar nan, ta gane Umma ta ce, "Hajiya mai hanci, kin dawo?" Umma ta ce, "Kun ce na farko ya yi tsami."

Ba a sake ɗagawa ba.

Zuwa Abuja a jirgi muka tafi ni da ita, ashe dai sai da Umma ta hau jirgin cikin gida. Da ya tashi ya karkata, sai ga Fagge a ƙarƙashinmu, rufin kwano sun yi tsatsa, ruwan damina kwance a lunguna yana walƙiya, adaidaita sahu kamar ƙwayoyin masara. Ban taɓa ganin unguwarmu ta wannan fuskar ba. Na yi tunanin a wani gida yanzu wata ta yanke magana a tsakiya tana jiran mu wuce. Umma ta manna goshi a taga, ta ce ta ga gidanmu, ta kuma ga ban kwashe shanya ba. Ƙarya take yi, na kwashe.

A Abuja ba a barin mai rakiya ya shiga ciki, a bakin ƙofa ake rabuwa. Ta gilashi na hango an buɗe akwatinta, wani ma'aikaci ya ɗaga dunƙulen kanwa yana juyawa yana kiran abokin aikinsa. Sai wata ma'aikaciya babba ta matso ta duba, ta ga yaji, ta ga turare, na ga kafaɗunta sun sauka tana dariya a bayan takunkumi. Daga baya Umma ta ce tambayarta ta yi, "Hajiya, jego za a je?" ta kuma sa hannu ta taya ta rufe akwatin.

Kafin ta shiga na yi ta nanata mata yadda za ta yi a Habasha, inda za ta nuna tikiti, kada ta bi masu fita gari, kada ta cire takunkumi. Ta ce, "Da bakina fa zan tafi, ki ƙyale ni haka." Ta gyara mini hijabi a goshi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce in kula da abincin babana, kuma sandal ɗin da ta jiƙa a turare in riƙa juya shi kada ya kwanta. Shi ke nan sallamar.

Na samu dakali a waje na zauna. Jirage kaɗan ne ke tashi, don haka ban sha wahalar gane nata ba. Na buɗe taswirar nan, ga shi ɗan ƙarami mai launin ɗorawa, kusan shi kaɗai a kan farantin, yana tafiya gabas a hankali. Na bi shi har cajin wayata ya ƙare.

Ta isa da sauran 'yan kwanaki a cikin arba'in. Ta kira ta ce in gaya wa babana ta sauka. Na ce, "Umma, an fara wankan?" Ta ce, "Ana yi. Kin juya sandal ɗin?" Ta yi kusan wata biyu a can, ta dawo da ƙiba kaɗan da buhun karkashi da hotunan jikarta, ta Abuja dai, don filinmu bai karɓi jiragen waje ba sai a shekarar da ta biyo.

Shekaru sun shuɗe, yaƙi ya tashi a Sudan, ya koro Yaya da mijinta da yaransu gida Fagge. Wata rana da yamma muna ɗaki ni da ita muna ninke kaya, ana dafa ruwan jego a gidan da ke jikin namu, warin ganye ya cika ko'ina. Na ce mata ni dai ina tsoron ranar da zan faɗa hannun Umma, ta gaya mini gaskiya, zafin ruwanta ya kai yadda ake faɗa?

Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, "Wane ruwa?"

Ta tashi ta tura ƙofa, ta ɗan sassauta zane ta nuna mini tabo a ƙasan cibiyarta. Aiki aka yi mata aka ciro yarinyar, ɗinkin kuma ya ƙi warkewa da wuri, likita ya hana ruwan zafi ya taɓa wurin. Ta roƙi mijinta kada ya faɗa, don ta san in Umma ta ji kalmar tiyata, a ranar za ta shiga motar Gamboru. Tsohuwar maƙwabciyar gaskiya ce, amma kunu kawai take dama mata. Ranar da Umma ta isa, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora tukunya, ta aika a yanko darbejiya. Da ruwa ya tafasa Yaya ta kira ta ɗaki ta nuna mata. Umma ta daɗe tana kallo, sannan ta fita ta sauke tukunyar, ta bar ruwan ya huce, ta wanke jaririya da shi.

Har ta dawo Kano, Umma ba ta yi wa Yaya wankan jego ba ko sau ɗaya.